Sabon Zanen Tatu da Ƙwayar Cutar da Ba Ta Jin Magani

Tambaya: Likita, barka da aiki. Kwana uku ke nan da aka yi mini zanen tatu a damtse. Wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, kuma wani ruwa-ruwa yana tsattsafowa haɗe da tawada. Wani abokina ya ce in fara shan kafson ampiclox tun yanzu don kada wurin ya zama gyambo, wani kuma ya tayar mini da hankali da labarin wata ƙwayar cuta da ke shiga fata wadda ba ta jin magani. Shin in sha kafson ne, ko akwai abin da ya fi shi?
Daga wani mai karatu

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kada ka sha kafson nan, domin ba zai kare ka daga abin da kake tsoro ba. Amma bari mu fara da abin da kake gani a damtsenka. Injin zane yana soka allura a fata sau ɗaruruwa, har ma dubbai, a cikin minti guda, yana ajiye tawada a ƙarƙashin fatar sama, a zurfin milimita 1 zuwa 2. Saboda haka sabon tatu, komai kyansa, buɗaɗɗen rauni ne, kuma ja da ɗan kumburi da tsattsafowar ruwa a kwana biyu ko ukun farko duk aikin jiki ne na warkewa. Wajen ƙarshen makon farko wurin zai fara ƙaiƙayi da saɓa, fatar sama kuma takan rufe a cikin mako 2 zuwa 4. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne, raunin da ke warkewa kullum sauƙi yake ƙarawa, wanda cuta ta shiga kuwa zafinsa na yau ya fi na jiya.

Ƙwayar da abokinka na biyu ya ji labarinta ita ce MRSA, wani nau'i na bakteriyar Staphylococcus aureus. Wannan bakteriya ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi masa lahani ba, kuma kusan 2 cikin 100 suna ɗauke da nau'in MRSA. Muddin fata tana rufe ba ta da hanyar shiga, sai ta samu kafa. An fara gano MRSA a Ingila a 1961, jim kaɗan bayan an fara amfani da maganin methicillin, kuma abin da ya raba ta da 'yan'uwanta shi ne ba ta jin penicillin da danginsa, irin su amoxicillin da ampicillin da cloxacillin. Ampiclox ɗin da aka ce ka sha haɗin biyun ƙarshen nan ne. Ka ga ke nan idan MRSA ce ta shiga, kafson ba zai taɓa ta ba, idan kuma babu abin da ya shiga, ka karkashe ƙwayoyin jikinka masu jin magani a banza, ka bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa. Irin wannan shan magani barkatai yana cikin manyan dalilan da suka kai duniya inda take a yau. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma fiye da 100,000 daga cikinsu MRSA ce ta kashe su. Shi ya sa nake jin takaici ƙwarai duk lokacin da na ji an mayar da antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya irin su ampiclox, abin sha don rigakafi.

Cutar takan shiga ne ko dai a wurin mai zanen, ko a gida bayan an dawo. Tsakanin 2004 da 2005 an samu mutum 44 da suka kamu da MRSA a jihohin Ohio da Kentucky da Vermont na Amurka, kuma binciken CDC ya danganta su da masu zane 13 marasa lasisi, waɗanda wasunsu ba sa sauya safar hannu tsakanin mutum da mutum. Ita kanta tawadar tana iya zama tushen cuta, kamar yadda ya faru a ƙarshen 2011 a yankin Rochester na jihar New York, inda mutum 19 suka kamu da wata bakteriya mai wuyar magani, Mycobacterium chelonae, daga tawadar da ta gurɓata tun kafin a buɗe kwalbarta. Duk wanda bai riga ya yi zanen ba, to ya ga an ɓare sabuwar allura a gabansa, an zuba masa tawada a ƙaramin mazubi nasa shi kaɗai, kuma ya tambaya ko ana gasa sauran ƙarafan a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. Kai naka an riga an yi, don haka abin da ya rage yana hannunka.

Kafin ka taɓa wurin, ko da dubawa kawai za ka yi, ka wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, domin daga hanci zuwa yatsa, daga yatsa zuwa rauni ita ce hanyar da wannan ƙwaya ta fi bi. Ka riƙa wanke zanen sau biyu a rana da ruwa mai tsabta da sabulu marar turare, da tafin hannu ba da soso ba, sannan ka tsane shi a hankali da sabon tishu mai kauri maimakon tawul ɗin wanka, wanda danshinsa ke tara ƙwayoyin cuta. Idan ya bushe sai ka shafa mai marar turare ɗan kaɗan, yadda fata za ta sha iska, domin lafta mai da yawa yana riƙe danshi. Wanka a tsaye babu laifi, amma kada ka jiƙa wurin a kwamin wanka ko wurin ninkaya ko kogi ko teku sai fatar ta rufe sarai. Idan ɓawo ya fito ka bar shi ya faɗi da kansa, komai tsananin ƙaiƙayi, domin kowace susa sabuwar ƙofa ce, kuma ƙarƙashin farce ba ya rasa datti. Ka sa riga mai tsabta wadda ba ta matse wurin ba, ka sauya zanin gado, kada ka bar kare ko kyanwa su lashi wurin, ka kuma nisanta shi da benci da tabarmin wuraren motsa jiki, inda fatar mutane da yawa ke gogawa.

Ba na goyon bayan shafa man antibayotik a kan zanen da lafiyarsa ƙalau. Irin su mupirocin da fusidic acid magunguna ne da ake buƙata ranar da cuta ta kama, kuma yawan shafa su ba bisa ƙa'ida ba ya sa an samu ƙwayoyin da ba sa jin su. Neomycin kuwa yakan tayar wa wasu da ƙuraje da ƙaiƙayi, har a kasa bambance ƙin maganin da shigar cuta. Sifirit da hydrogen peroxide su ma suna ƙona sabuwar fatar da ke tohowa.

Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira gobe, idan jan ya fara yaɗuwa ya wuce gefen zanen, ko zafin yana ƙaruwa bayan kwana uku, ko ka ga mugunya mai kauri ko wari, ko wani ƙullutu kamar maruru ya taso. Zagaye iyakar jan da biro yana taimaka wa mutum ya gane ko yana ci gaba. Idan kuma zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko ka ga jan layi yana hawa daga wurin, to maganar gaggawa ce, domin alama ce cutar tana neman hanyar jini. Mai ciwon sukari da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ne ya kamata su fi kowa saurin zuwa. Abokinka na biyu ya zuzuta da ya ce babu magani, akwai shi. Likita zai ɗebi mugunyar a kai ɗakin gwaji, inda cikin kwana 2 zuwa 3 za a san ko wace ƙwaya ce da kuma maganin da take ji. Sau da yawa tsaga marurun a fitar da mugunya shi ne babban aikin, sannan a haɗa da irin su doxycycline ko co-trimoxazole ko clindamycin, idan abin ya yi tsanani kuma a ba da vancomycin ta jijiya. Duk wanda aka rubuta maka, ka sha shi yadda aka ce har iyakar kwanakin da aka ɗiba, kuma idan bayan kwana biyu babu sauƙi ka koma.

Tambaya: Likita, ƙanena da muke gida ɗaya da shi ya yi tatu, wurin ya yi maruru, an gwada an ce MRSA ce. Ina da ƙananan yara. Za mu iya ɗauka?
Daga wata mai karatu

Amsa: Za a iya ɗauka, 'yar'uwa, amma tsare kai daga gare ta ba shi da wuya. Cikin mutum 44 ɗin nan na Amurka da na ambata, 10 ba su yi zanen ba, cuɗanya da waɗanda suka yi ce ta jawo musu. Ƙwayar tana bin taɓa mugunya da kayan da suka taɓa ta, don haka ƙanenki ya rufe wurin da busasshen bandeji mai tsabta, ya ƙulle wanda ya cire a leda kafin ya jefar, ya wanke hannu nan take. Tawul da reza da sabulun wanka da zanin gado kowa ya riƙe nasa, a wanke kayansa da ruwan zafi su bushe sosai. Babu dalilin ƙaurace masa ko ware masa kwanon abinci, kuma kada a ba yaran magani don rigakafi. Ki dai riƙa duba jikinsu, ki rufe duk ƙujewa ko yanka da suka samu, kuma idan ƙurji mai zafi ya fito wa ɗayansu ki kai shi asibiti, ki shaida wa likita tun farko cewa akwai mai MRSA a gidan, domin hakan zai sauya maganin da zai zaɓa.