Tambaya da Amsa: Kowace annoba hukuncin Allah ce?

Tambaya: Malam, da zarar cuta ta ɓarke ko aka yi girgizar ƙasa, sai a ji masu wa'azi suna cewa annabci ne ya cika, hukunci ne ya sauko. Haka ne? In kuwa daga Allah take, neman magani ba jayayya da shi ba ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, batun iko babu gardama a kansa. Ki buɗe Amos 4:6-11. A nan Ubangiji da kansa ya ce shi ne ya hana Isra'ila ruwan sama saura wata 3 a yi girbi, ya sa aka yi ruwa a wani gari, wani garin kuma ko ɗigo, har mutanen gari biyu ko uku suka riƙa tangaɗi zuwa gari guda neman ruwan sha. Ya aiko da cutar amfanin gona, da fara, da annoba irin ta Masar. Sau 5 a wannan wuri ya maimaita kukansa cewa duk da haka ba su komo gare shi ba. Ezekiyel 14:21 kuma ya lissafta hukunci 4: takobi, yunwa, mugayen namomin jeji da annoba.

Inda ake kuskure shi ne a ɗauki ayar da aka faɗa wa wata al'umma a ɗora ta kan bala'in yau kai tsaye. Amos ya iya cewa "wannan fari hukunci ne" domin Allah ya bayyana masa. Mai wa'azin da ba a bayyana masa ba, zato kawai yake yi, zaton nan kuwa yakan ƙara wa masu makoki ciwo. Yesu ya toshe wannan ƙofa a Luka 13:4-5, inda ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Haka ya amsa game da wanda aka haifa makaho a Yohanna 9:3.

Don haka kafin ki karɓi fassarar kowa, ki tambayi abu uku: wa aka yi wa maganar, a wane zamani, kuma nassin da kansa ya faɗi dalilin bala'in? Sa'an nan ki karanta surar gaba ɗaya, kada ki tsaya kan aya guda.

Game da ƙarshen zamani, Luka 21:11 ya ambaci girgizar ƙasa, yunwa da annoba, amma Matiyu 24:8 ya kira irin waɗannan farkon naƙuda, aya ta 36 kuma ta ce ba wanda ya san ranar sai Uba. Annobar da ta auka wa Turai daga 1347 da murar 1918 sun ci miliyoyin rayuka, duniya kuwa ba ta tashi ba. Ko a Ru'ya ta Yohanna 6:8, ikon kisa da aka ba wani mahayin doki, wanda sunansa Mutuwa, ba shi ya ƙwata ba, ba shi aka yi, iyakarsa kuma kashi ɗaya cikin huɗu na duniya.

Neman magani kuwa ba jayayya ba ne. Da Sarki Hezekiya ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun da ke jikinsa (Ishaya 38:5, 21). Littafin Firistoci 13:4-5 ya umarci firist ya keɓe wanda ake zargin yana da cutar fata kwana 7, ya sāke duba shi, in da shakka a ƙara 7. Yusufu ya ba da shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar a shekarun ƙoshi, a ajiye domin shekarun yunwa. Da Agabas ya yi annabcin yunwa a Ayyukan Manzanni 11:28-30, almajiran Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.