Direbana na warin da ban gane ba, kuma ɗan aminina ne

Gwaggo, assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya ibada, ya haƙuri da jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, gidana kuma yana Agege, shekarata 22 a Legas. Abin da ya sa na rubuto miki, yaron da yake ja mini mota ne. Shekara 3 ke nan yana wurina. Mahaifinsa da kansa ya kamo hannunsa ya sa a nawa lokacin da na je gida Babbar Sallah, ya ce ga amana nan. Kin san nauyin wannan magana, ba sai na yi miki bayani ba.

Tun bayan azumi na fara jin wani wari a bakinsa. Ba kullum ba. In ya dawo daga kai kaya Oyingbo ko Ijora, sai in ji shi, wani wari mai kaifi, ga ido ja wur, ga alewar Tom-Tom kullum a baki, alhali da ba ya shan alewa. Sau ɗaya na tambaye shi. Ya ce maganin basir ne yake saya wurin matan nan masu jera kwalabe a bakin tasha, wanda Yarbawa ke ce wa agbo. Har ya rantse da Alƙur'ani. To ni Gwaggo ban taɓa kai giya bakina ba, Allah ya tsare, iyakacina in ji warinta in na ratsa ta Oshodi. Wani yaron rumfata ya ce ya ga 'yar ledar giya a ƙarƙashin kujerar mota. Na je na duba ban ga komai ba. Sai dai su biyun ba sa ga maciji da juna, kin dai gane.

Wallahi barci ya ƙaurace mini. In na kore shi me zan ce wa mahaifinsa? Mutumin da muka yi makarantar allo tare, muka ci a akushi ɗaya. In kuma na bar shi, kasuwa ta ji cewa Alhaji na riƙe da mashayi, ni da mutane ke kawo wa ajiyar kuɗinsu, ni da ba a rasa ni a sahun farko. Uwargida ta ce in sallame shi, amarya ta ce zato zunubi ne. Jiya ma da ya dawo daga ɗauko kaya da asuba, na miƙa masa makullin ƙaramar mota ya kai yara makaranta, sai na sake jin warin nan, na tsaya a ƙofar gida ina tunanin da wane ido zan kalli mahaifinsa. Sunana nake ji, Gwaggo, da kuma amanar nan. Shekara 22 ina gina suna a garin da ba namu ba. In kore shi ne a ɓoye, ko in kira mahaifinsa? Ko in sa a riƙa bin sa a gano mini gaskiya?

Mai albasa, Agege

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ka san ni, ba na goyon bayan mai gida ko yaro sai na ji ta bakin kowa, kuma ta bakin yaron nan ban ji ba. Amma akwai magana guda da ka wuce ta kamar ba kai ka rubuta ba, ni kuwa a kanta na tsaya har shayina ya huce. Ka ji warin, ka miƙa masa makulli, ya tafi da 'ya'yanka. Kai kuma kana tsaye a ƙofar gida kana tunanin idon mahaifinsa. Yara nawa ne a motar ma ba ka faɗa ba. Kuma mutumin da ya kwana a kan hanya ka ba wa su. Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki.

Makullin nan yau za ka karɓe shi, na babbar mota da na ƙarama. Wannan ba hukunci ba ne, kuma ba ya bukatar hujja ko shaidu. Ka ce masa ya zauna a rumfa ya riƙa ƙirga buhu na 'yan kwanaki, albashinsa na nan cif. Ko giya ce, ko magani ne, ko gyangyaɗi, titin Ikorodu ba ya tambaya.

Rantsuwarsa kuwa, ina ganin ba lallai ƙarya ya yi maka ba, kuma hancinka ma bai yi maka ƙarya ba. Agbon da ake sayarwa a tashoshi iri biyu ne, akwai wanda ake jiƙa saiwoyin da ruwa, akwai wanda ake jiƙa su da ogogoro, barasar nan ta gargajiya mai ƙarfi. Yaro ya taso daga ƙauye, an ce masa ga maganin basir da ciwon baya, ya kurɓa ya ji jiki ya sake, shi a wurinsa magani ya sha, sai ya dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya. Jini dai bai san sunan da aka raɗa wa kwalba ba. 'Yar ledar da aka ce an gani, irinta ce hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ce ta haramta a farkon 2024, amma duk mai ido ya san ba ta ɓace daga bakin tasha ba. Shaidar wanda ba ya ga maciji da shi kuwa, ajiye ta a gefe.

Akwai kuma abin da masu gida ba sa kawowa a rai. Ciwon suga in ya yi tsanani yakan sa bakin mutum wari mai kaifi, in sugan ya faɗi ƙasa kuma sai ka ga mutum na layi, harshe na sarƙewa, ka rantse a buge yake. Babban asibitin Orile Agege ba nisa da kai. Ka kai shi da kanka a auna masa suga da hawan jini, a duba basir ɗin da ya ce yana damunsa. Kuɗin bai kai na buhun albasa guda ba.

Batun sa a bi shi a ɓoye, ban yarda ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda amaryarka ta ɗauko rabinta, ita ce dai ta hana bin diddigin asirin mutane. Ka kira shi ku biyu, a gida, ba a rumfa ba inda kunnuwa suka fi buhuna yawa. Kada kalmar mashayi ta fito daga bakinka. Faɗi abin da ka ji da ranar da ka ji shi, ka ce ya kai ka wurin mai maganin, ka tambaye ta da me take jiƙawa. Sannan ka kafa masa sharaɗi a takarda, ku sa hannu: ranar da zai taɓa sitiyari, babu kwalbar kowa. In ya karya bayan haka, ka sallame shi da mutunci. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 a wurin aiki, mako 2 ake ba shi na sanarwa ko kuɗinsu, kuma wari kaɗai bai isa hujjar da za ka tsallake wannan ba. Mahaifinsa sai bayan duk wannan zai ji, kuma daga bakinka.

Bari in juyo kanku, Alhazan Mile 12 da Alaba Rago da masu tireloli a Apapa, don na san kuna karantawa. Ku ɗauko yaro daga gida da sunan amana, ya kwana a hanya, ya wuni a cunkoso, ya dawo ku ce ga cefanen Hajiya, ga yara a Islamiyya. Jikin ɗan Adam ba injin nika ba ne. In ya gaza sai ya nemi abin da zai riƙe shi, yau agbo, gobe tiramol, kamar yadda kodin ya cinye mana samari kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Ranar da wari ya fito kuma sai ku fara kukan sunanku. Annabi (SAW) an sha kawo masa wani sahabi kan shan giya, da wani ya tsine masa sai ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa, yana nan a Bukhari. Wannan wanda laifinsa ya tabbata ke nan, balle naka da ko kwalba ba ka gani a hannunsa ba.

Gobe da safe kai za ka kai yaran makaranta, albasa ba za ta ruɓe kafin ƙarfe 9 ba. Ka rubuto mini abin da likita ya ce, ka haɗa da awa nawa yaron nan yake barci da nawa kake biyansa a wata, don waɗannan ma ka tsallake su.

Gwaggo