Ta yaya matashi zai shiga sahun ƴan kokowar Maradi?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka kai ga wakiltar Maradi a gasar takobi ta ƙasa, wato babbar gasar kokowar gargajiya ta Nijar da ake ba zakaranta takobi, alhali kokowarka ba ta wuce dandalin unguwa ba tukuna.

Kowace jiha daga cikin jihohi 8 na Nijar tana tura ƴan kokowa 10, kuma ana tace su ne tun daga ƙasa, don haka kokowar ƙauyuka ta bayan girbi ita ce matakin farko, inda manya ke gane mai ƙafa da mai dabara. Ka riƙa zuwa filin kokowa na Kantu, gwarzon Maradi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ka nemi tsohon ɗan kokowa ya riƙe ka. Na ga yaro mai ƙarfi ya sha ƙasa cikin ƙiftawar ido saboda bai iya tsayuwa ba, ya miƙa ƙafarsa ta gaba aka cafke.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne shan tramol don neman ƙarfi, sai kuma ɓoye ciwo. Idan gwiwa ko kafaɗa ta kumbura, ka je asibiti a duba kafin ka koma fage.