Idan na rubuta "wasa ne", za a iya kama ni?

Tambaya: Barista, ni matashi ne a Tudun Wada, Kaduna. Shekara biyu ke nan ina kwaikwayon 'yan siyasa a TikTok, wani lokaci kuma ina buga musu waya da muryar wani babba in naɗi amsarsu. Mahaifiyata ba ta barci saboda tsoron za a kama ni, amma abokaina sun ce muddin na rubuta "wasa ne" a ƙasan bidiyon, babu mai taɓa ni. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, Hajiya ta fi abokanka sanin doka. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin yi wa mai mulki shaguɓe, kuma tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Arthur Nwankwo, ta ce sukar gwamna ba laifin tayar da fitina ba ne. Amma sashe na 45 ya bar ƙofar kare mutuncin wasu a buɗe.

Wannan magana ta "wasa ne" kuwa ta ishe ni, domin kusan duk wanda na je beli a ofishin 'yan sanda da ita yake tarbata, yana miƙo mini waya da hannu yana rawa, yana nuna rubutun kamar laya. Alƙali ba ya duba abin da ka liƙa a ƙasa. Abin da yake tambaya shi ne ko mai hankali da ya kalli bidiyon zai ɗauka labari kake bayarwa. Idan ka sa babbar riga da ta fi ƙarfinka, ka karkata hula, ka maimaita alƙawarin titin da aka yi a bainar jama'a ba a cika ba, wannan aikin wawan sarki ne, kuma ina iya tsaya maka. Idan kuwa ka ce wane ya saci kuɗi kaza ranar kaza ba tare da hujja ba, ɓata suna ne ko da kana dariya. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne da sharar harabar kotu na kwana 30 kan bidiyon da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin, Ganduje, alhali su ma barkwanci suke yi. Masu yaɗa cewa an soke sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda ake kama mutane da shi kan abin da suka wallafa a intanet, su ma su daina ruɗar yara: gyara aka yi masa a 2024, aka taƙaita shi, amma yana nan.

Kiran wayar ya fi damuna. Aron muryar jami'in gwamnati sojan gona ne, laifi mai zaman kansa, haka ma sanya kakin ɗan sanda don ɗaukar bidiyo. Ka daina shi daga yau, kuma duk abin da za ka kwaikwaya ka ajiye asalin bidiyon da mutumin ya faɗe shi da bakinsa, domin shi zan fara nema ranar da aka kira ni.