Ƙasar da ba a ruwan sama, daga ina ambaliya take zuwa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare. Na haddace manyan biranen ƙasashe da sunayen koguna da duwatsu, amma da zarar an ce "bayyana dalili" a jarrabawar labarin ƙasa sai kaina ya ɗaure. Kullum malaminmu cewa yake mu koyi bincike. Wane irin bincike ne mutum zai yi alhali ko jiharsu bai taɓa bari ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Haddar da kika yi ba ta faɗi ƙasa banza ba, don wanda bai san inda Habasha take ba ba zai iya tambayar komai a kanta ba. Abin da ya rage shi ne ki sa sunayen nan aiki. Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta tare, ki ga yadda ake yi.

Birnin Aswan da ke kudancin Masar yakan yi shekara cur bai ga ruwan saman kirki ba. Alƙahira kanta abin da take samu a shekara bai wuce milimita 25 ba, ruwan da Kano kan samu fiye da shi a dare ɗaya cikin Agusta. Amma tun zamanin Fir'aunoni har zuwa 1970 da aka kammala babbar madatsar Aswan, duk shekara sai Kogin Nilu ya cika ya batse daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ya malale gonaki, ya janye ya bar musu baƙar laka. Sama garau, ba ko alamar hadari, ga ruwa yana ta hauhawa. Daga irin wannan wuri bincike yake farawa: abu biyu da kika tabbatar gaskiya ne, amma sun ƙi zama inuwa ɗaya.

Ba ke ce farkon wadda abin zai ɗaure wa kai ba. Herodotus, masanin tarihin nan na Girka, ya je Masar sama da shekara 2,400 da suka wuce, ya rubuta bayanan da masanan zamaninsa suke bayarwa. Wasu sun ce iskar arewa ce take tokare bakin kogin, ta hana ruwan shiga teku, sai ya taru ya yi ambaliya. Dubi yadda ya gwada maganar. Ya ce akwai shekarun da iskar ba ta kaɗawa amma kogin ya cika, kuma akwai wasu koguna da suke fuskantar wannan iska ba sa yin haka. Nasa bayanin shi ma bai dace ba, domin ba shi da taswirar inda kogin ya fito. Amma dabararsa ita ce har gobe ake amfani da ita: idan aka ba ki dalili, ki nemi wani wuri da dalilin yake, ki duba ko sakamakon ma yana nan.

Ke kuwa kina da abin da ya rasa. Buɗe littafin taswirori, shafin Afirka mai launin kore da ruwan ƙasa, wanda yake nuna tudu da kwari. Ɗora yatsa a inda Nilu ya faɗa Bahar Rum, ki biyo shi kudu. Yawancin ɗalibaina a nan suke fara tuntuɓe, suna ɗauka kogi dole ya gangaro daga saman takarda zuwa ƙasanta. Ruwa tudu yake bari ya nufi kwari, shi ya sa Nilu arewa yake tafiya. Za ki ratsa hamada zalla, ki wuce garin Atbara inda wani kogi ya shigo daga gabas, har ki iso Hartum. A nan yatsa ɗaya ba zai ishe ki ba, don kogin ya zama biyu. Farin Nilu ya fito daga Tafkin Biktoriya ta garin Jinja a Yuganda. Shuɗin Nilu ya fito daga Tafkin Tana a tsaunukan Habasha. A mahaɗarsu, wurin da mutanen Hartum suke kira Mugran, a hoto ma ana ganin ruwan kala biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

To, wanne ne mai kawo ambaliyar? A nan ne za ki ajiye jadawalin ruwan sama kusa da taswira. Babbar daminar Habasha, wadda suke kira kiremt, daga Yuni zuwa Satumba take, kusan daidai da tamu. Tafkin Tana yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, Hartum kuwa ba ta kai mita 400 ba. Ruwa mai yawa ne yake sauka cikin wata huɗu kacal a kan tudu mai gangara, sai ya kwararo da ƙarfi ta cikin kwazazzabai yana kankare ƙasa. Lokacin ya dace, launin lakar ma ya dace. 'Yan'uwanmu na Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, a bakin wannan kogi suke zaune, duk Agusta da idonsu suke ganin ya kumbura ya rine.

Kada ki tsaya nan, ki yi wa Farin Nilu irin gwajin Herodotus. Shi ma ai daga ƙasar ruwa ya fito, me ya hana shi kawo ambaliya? Yankin Tafkin Biktoriya damina biyu yake yi a shekara, ga shi tafkin kamar ƙatuwar randa yake, yana tara ruwa yana sakinsa a hankali. Daga nan kogin ya shiga Sudd, wata makekiyar fadama a Sudan ta Kudu, ya bazu cikin ciyayi, rana ta shanye kusan rabinsa. Abin da ya tsira yakan iso Hartum ba hawa ba sauka sosai, shi ne yake riƙe Nilu da rani. Idan aka haɗa lissafi, kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan da yake isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake, ta Shuɗin Nilu da Kogin Atbara da Kogin Sobat mai shiga Farin Nilu.

Da wannan adadi ɗaya labaran rediyo za su fara yi miki ma'ana. Kusan kashi 95 cikin ɗari na Misirawa a gefen Nilu da yankin da yake faɗawa teku suke zaune. A 1959 Masar da Sudan suka raba ruwan tsakaninsu ba tare da Habasha ba. A 2011 Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu, ta fara tara ruwa a 2020. Yanzu ko ba a faɗa miki ba kin san abin da ya sa hankalin Alƙahira ya tashi, kin kuma san abin da ya sa Habashawa suke ganin suna da haƙƙi. Ina so ki saba da duba shekarar kowane adadi da wanda ya fitar da shi, musamman a batun da ƙasashe suke jayayya a kai.

A takardar jarrabawa, yadda kika bi zaren haka za ki rubuta shi: inda abin yake, lokacin da yake faruwa, abin da ya haddasa shi, sai abin da ya jawo wa mutane. Ki sa kalmomin "saboda" da "shi ya sa" su riƙa ɗaure jimlolinki. Ƙaramin zanen kogin da hannunki, da kibiya mai nuna arewa, yakan fi dogon sharhi amfani.

Ga aikin gida. A Yamai, Kogin Neja yakan cika cikin Agusta da Satumba, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma yana sake cika wajen Janairu, tsakiyar hunturu, wata uku bayan ɗaukewar ruwa. Ɗora yatsa a Yamai ki bi shi baya, ki wuce Gao da Tumbutu, ki lura da abin da ya same shi kafin Mopti da bayanta, har ki kai tsaunukan Gini. Ki aiko mini da abin da kika gano, da zanenki.