Sunan da zai bi Fadimatu

'Yar'uwa, barka da arziki, Allah Ya raya. Kin ce an raɗa wa jaririya Fadimatu, kina neman na biyu. Ni dai Zahra'u zan ce: laƙabin 'yar Manzon Allah (SAW) ne, kuma Fadimatu Zahra'u akwai daɗi a baki. In ranar Juma'a ta zo, Jummai ma ya zauna, amma wannan na gida ne.

Takardar haihuwa ta fi damuna. Mu nan Garwa ta Kamaru da rubutun Faransanci ake sawa, Fadimatou Zahra. Don Allah maigida ya duba harafi-harafi kafin ya karɓa. 'Yata sai da jarrabawar CEP ta gama firamare ta zo muka ga harafi ɗaya ya faɗi, wallahi mun sha zirga-zirga.