Me Ya Ƙona Maka Tuwita?

Ka ce kirosobar da ka ciro daga tsohon akwatin sifika lafiyarta ƙalau, amma da ka sa ta a sabon da ka haɗa, tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, ta ƙone. To yaro, kirosobar ce ta ƙona ta, domin ba don wannan tuwitar aka yi ta ba.

Aikin kirosoba rabon sauti ne. Kondansa tana tare bas kada ya kai ga tuwita, koyil kuma yana tare siririn sauti kada ya kai ga wufa, wato babbar sifikar bas. Amma inda rabon zai tsaya ba kondansa kaɗai ke yanke shi ba, har da om ɗin sifikar da aka jona mata, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki. Karanta jikin kondansar kirosobar da ka ciro: maikrofarad 13 ce, ta tuwita mai om 4, domin ta raba a wajen has 3,000 (has shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Taka kuwa om 8 ce. Da ka haɗa su, rabon ya sauko kusan 1,500, ka ɗora wa tuwita kayan da ba nata ba. Wayar cikinta ba ta fi gashin kai kauri ba, zafi kaɗan ya ishe ta.

Riƙe wannan lissafin na gano girman kondansa. Ka ninka has da om, sannan ka raba 159,000 da abin da ya fito. Sau 8 na 3,000 shi ne 24,000, amsa maikrofarad 6.6, sai ka sayi mai 6.8 da ake samu a kasuwa. Ka tabbata ba mai fositif da negatif ba ce, kuma ta ɗauki bolt 100. In ka gwada sifika da mita ka ga wajen 6, kada ka ruɗe, mai om 8 ce.

Ni dai ba na yarda da kondansa ɗaya a akwatin biki. Tana rage bas a hankali ne, desibel 6 na ƙarfin sauti duk lokacin da has ya ragu da rabi, masu kiɗa kuma ba sa tausayin amfilifaya. Sa kondansa mai maikrofarad 4.7 a layin tuwita, ka gitta koyil mai milihenri 0.6 a ƙafafunta biyu, ragin ya zama 12. In ka yi wa wufa nata ninkin, wato koyil a layi da kondansa a gitte, juya wayoyin tuwita, fositif ya koma wurin negatif, in ba haka ba sautinsu zai cinye juna a wurin rabon, murya ta fito da rami. Koyil biyun kuma, na tuwita da na wufa, kada su kwanta gefe da gefe: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye.

Lissafi mafari ne kawai, tunda om ɗin sifika yana canzawa da sauti. Kunna labarai a rediyo ka saurari muryar mai karatu. In tana sukar kunne, sa razista om 2 mai wat 10 kafin kondansar, ka sake saurara.